Kwana Goma Sha Biyu na Mai Awon Ruwa

Aikina a biro, wato ofishin kumandan, Nasaran da ke mulkin Madawa, ba shi da wuyar faɗa: ni ne mai awon ruwan sama. A bayan biro, can fili inda babu itace babu katanga, an kafa wani gwangwani bisa ƙafar ƙarfe, da mazurari a bakinsa. Kowace safiya in je in juye abin da ya taru a wata siririyar kwalba mai zane-zane, in ɗaga ta daidai idona, in rubuta a littafi, in kai wa mai buga waya ya aika Yamai. In babu komai, in rubuta babu komai. Sauran yinin kuma in zauna kwafar takardu har yatsuna su yi baƙi da tawada. Mutanen garinmu da labari ya kai musu sun yi dariya har da riƙe ciki, wai an kama yaro an kai lakwal, makarantar Nasara, shekara shida, ya fito, aikinsa leƙen gwangwani. Da fari na ji haushi ƙwarai. Daga baya na so aikin nan fiye da yadda nake iya gaya wa kowa.

Safiyar da ruwa ya kwana yana zuba ita ce tawa. Gari shiru, ƙasa na ƙamshi, kwaɗi ba su gama surutunsu ba, ni kaɗai a fili takalmi a hannu. Hadarin da ya tsorata gari, ya yaye rufin wasu, ya cika ƙorama, sai ga shi ya dawo ɗan ruwa mai tsawon yatsa biyu a cikin kwalbata, wani lokaci har da tururuwa tana iyo a kai. Nakan daɗe ina kallonsa kafin in rubuta. Ta cikin ruwan nakan ga biro ya lanƙwashe, tutar Nasara ta kife, kuma sau da yawa, ban san dalili ba, nakan ga wata ƴar gona a gindin dutse, tafiyar kwana biyu daga inda nake tsaye.

Garinmu yana cikin duwatsu, gaba da Karofane. A gidanmu, kamar kowane gida a wancan zamani, akwai gandu, wato babbar gonar gida wadda Baba ke riƙe da ita, kowa ya yi mata aiki, kowa ya ci daga rumbunta. Kwana biyar a mako na gandu ne. Laraba da Juma'a kuwa Baba yakan saki ƴaƴansa, kowa ya tafi gamanarsa, ƴar gonar da aka yanka masa ta zama tasa. Gamana ita ce shaidar cewa kai mutum ne a gidan, kana da inda za ka tsaya ka ce nan nawa ne. Tawa tana gindin dutse, da gawo ɗaya a tsakiya, daga sama kuma akwai wani jerin duwatsu da kakanmu ya shimfiɗa don tare ruwan da ke gangarowa. Damina ɗaya tak na noma ta, tsakanin fitowata lakwal da kiran da aka yi mini Madawa. Tun daga nan Baba ya bar ta tana hutawa, ba ya shuka ta, ba ya ba kowa aro.

Nasara ma yana sakin ma'aikatansa, amma a tasa hanyar. Bayan shekara uku ana ba mutum babban hutu, wanda muke kira konje, albashinsa na tafiya, har da kwanakin hanya. Sai dai doka ta ce a ba shi lokacin da aiki ya yarda, kuma aikin mai awon ruwa ba ya yarda sai gwangwani ya bushe. Saboda haka duk konjena a rani yake faɗowa. In iso gari in tarar an ɗaure rumbuna, samari tsarana duk sun gangara kudu cin rani, ba kowa sai tsofaffi da awaki. In zauna gindin kurna da farar riga ina hamma wata biyu, mata na wucewa zuwa rijiya suna tambayata ko an kore ni ne.

Baba bai taɓa gane wannan hutu ba. A wurinsa ranar da babba ya saki na ƙasa da shi, don ya je ya yi wa kansa noma ne. A konjena na farko ya dube ni ya ce, "Wanga ubangidan naka, shina da hankali kuwa? Shi sake ka ka taho gona bayan an ɗaure rumbu?"

Na ce, "Baba, hutu na. Don in huta."

Ya ce, "Mi ka yi da za ka huta?"



A konjena na uku ne maganar ta taso. Ƙanena ya yi aure, matarsa na da ciki, gamanarsa kuwa wani ɗan fako ne da ko ƙaya ba ta son fitowa. Ana gobe zan koma, Baba ya ce in raka shi gindin dutse. Muka tsaya a gonata, sabara da kalgo sun cinye ta. Ya turi wani dutse da sandarsa.

"Damina tara nika riƙe maka ita," in ji shi. "Mutane na magana, kuma gaskiya garesu. Ƙanenka bai ce komi ba, shi ya sa nika jin kunyatai. Bana ka zo ka riƙa sungumi da hannunka, ka shuka ta, ta zan taka. In ba ka zo ba, in ba shi."

Na ce, "Baba, in aiko a sa wani shi shuka mini."

Ya ce, "Hannunka nic ce."

Na koma Madawa zuciyata kamar an ɗora mini dutsen niƙa. Ba hatsin nake so ba, albashina na ciyar da ni. Tsoro nake ji. Na ga waɗanda suka riga ni shiga aikin Nasara, sun tsufa a gidan haya, in sun je garinsu ana shimfiɗa musu tabarmar baƙi, ana yi musu sannu da zuwa kamar fatake. Na san ranar da gonar nan ta fita hannuna, tabarmar nan za a fara shimfiɗa mini.

Mai buga waya ne ya nuna mini ƙofa. Dattijo ne siriri, mutumin yamma, ya shekara ashirin yana ƙwanƙwasa ƙarfe, ya san dokokin aiki fiye da waɗanda suka rubuta su. Ya ja ni bayan ƙofar biro, inda wata takarda ta yi shekaru a manne har ta yi ja, ya sa farce a kan wani layi. Layin ya ce ma'aikacin da aka sa aiki ranar Lahadi ko ranar bikin gwamnati, ba a ƙara masa albashi, amma ana mayar masa da ranar, ya huta a wata. Ni kuwa ruwa bai san Lahadi ba. Tun da na fara aiki babu Lahadin damina da ban fita fili ba, har ranar babban bikin Nasara, ana busa ƙaho ana tseren jakuna, ni ina can ina ɗaga kwalba. Shekara tara ina wucewa ta gaban takardar nan, ban taɓa karanta ta ba, ni da ake wa kallon mai ilimi.

Na shiga wurin ƙaramin kumandan, wani saurayi mai jan wuya wanda zafi ya hana shi sakewa. Ba mugu ba ne. Ya saurare ni, ya sa aka ciro takardar, ya karanta har ƙasa, inda ni ban kai ba. A can ƙasan an ce ranakun da suka shekara ba a karɓa ba sun faɗi. Lahadin damina takwas ke nan suka bi iska, ina tsaye ina kallo. Na bara kaɗai suka rage, ya ce kwana goma sha biyu ne, kuma tun da ba konje ba ne, babu kwanakin hanya, tafiyata da dawowata duk a ciki. Ya yarda in ɗauke su a damina in mai buga waya zai duba mini gwangwani. Sannan ya ɗaga yatsa. Dole in rubuta ranar da zan tafi tun yanzu, wata biyu kafin lokaci, a aika sama a sa hannu, kuma in an sa hannu ba ta motsi.

A nan na yi wautar da sai ɗan lakwal ke iya yin irinta. Mai buga waya ya ce in aika gida in tambayi tsoho, su da ke duban gawo da taurari. Na yi masa murmushin raini. Me zan tambayi wanda ke leƙen ganye, ni da nake da ruwan shekara tara a rubuce? Na ɗauko littattafaina na baje, na nemo ranar ruwan shuka na kowace shekara, na ga wata ta yi sauri wata ta yi jinkiri, na zaɓi tsakiyarsu, a cikin watan shida na Nasara. Na rubuta ranar da kyakkyawan rubutu, har da ja mata layi. Ban tsaya na tuna cewa littafin na ruwan Madawa ne ba, na fili ɗaya a bayan biro ɗaya, alhali a ƙasarmu ta Adar ana iya yin ruwa a gonar maƙwabcinka kai kana shan ƙura. Kuma wannan tsakiyar da na zaɓa, babu shekara ko ɗaya cikin taran da ruwa ya sauka a kanta.

Sati biyu na yi ina koya wa mai buga waya ɗaga kwalba daidai ido, yana haƙuri da ni. Ranar ta zo, na kama hanya da asuba.

Har yanzu in na rufe ido ina iya bin hanyar nan taku-taku. Bazara ta kai maƙura, iska ba ta motsi, duwatsu baƙaƙe suna rawa cikin zafi. Na bi kwari inda masu albasa suka gama kwashe kayansu, na hau tudu, na sauka, na sake hawa. Shamuwa ta riga ta iso, tana tsaye bisa itatuwan ƙauyuka da ƙafa ɗaya, na ce a raina ga shaida. Da rana na kwanta a inuwar wata tsamiya, barci ya ɗan ɗauke ni, na yi mafarki ina tafe cikin hatsin da ya fi ni tsawo, raɓa na zubo mini a wuya, kowace zangarniya da zane-zane a jikinta irin na kwalbata. Na farka bakina a bushe, wani makiyayi na tsaye yana kallona da tausayi, ya miƙo mini gorarsa. A ko'ina na wuce, gonaki a share suke fes, an ƙone kututture, ana jira. Mutane na zaune bakin gari fuskarsu gabas.

Na isa gida da la'asar ta biyu. Baba na zaune ƙofar gida yana gyaran ƙotar sungumi. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, ya tambayi hanya, ya tambayi ubangidana. Sannan ya ɗaga kai ya dubi sama, ya dube ni.

"Kwana nawa anka ba ka?"

"Takwas nika yi nan, Baba."

"Ka yi sammako," in ji shi. "Gawo bai gama zubda ganye ba."

Na ce masa littafi ya nuna cikin makon nan ne. Bai yi musu ba, ya ci gaba da fiƙe ƙotarsa.

Kwana biyu na farko ni da ƙanena muka sare sabarar da ta cinye gonar, muka tara muka ƙone. Hannuna ya yi ƙuraje tun kafin azahar, shi kuwa yana sara yana waƙa ƙasa-ƙasa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kirkinsa. Gonar da za ta zama tasa in na kasa, ita yake taya ni gyarawa, kuma ya fi ni ƙwazo. Da ya yi mini baƙar magana ko sau ɗaya da na sami sauƙi. Da yamma matarsa takan kawo mana fura, cikinta ya tsufa, ta ajiye ƙwarya ta koma gefe, idonta na yawo a kan gonar, ta gefen gawo zuwa jerin duwatsu. Na gane kallon, irin wanda mace ke yi wa ɗakin da aka ce wataƙila ta samu.

Daga nan sai jira. Kwanakin suka narke cikin juna har na daina bambance su. Kullum bayan azahar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi wuluk, ya taso har ya rufe rabin sama, iska ta juyo da sanyi, awaki su ruga gida, mata su kwashe shanya. In tsaya tsakiyar gonata ina jin ƙamshin ruwan da ke zuba a wani wuri. Sai iska ta yi ƙarfi, ta watsa shi, rana ta leƙo tana faɗuwa ja, ba ko ɗigo. Tsofaffin ƙofar masallaci suka sami abin yi. "Mai awo, ko ka baro shi cikin gwangwani?" "Mai awo, duba muna takarda, yau na ko gobe?" Ina dariyar yaƙe tare da su. A kwana na shida na daina fita ta gabansu, nakan zaga ta bayan gari.

Akwai abin da ake kira binne, wato a shuka iri a busasshiyar ƙasa, a rufe, a bar shi ya jira ruwa. In ruwan farko ya zo da ƙarfi, mai binne ya riga kowa. In kuwa yayyafi ya fara zuwa, iri ya tsiro, rana ta ƙone shi, an yi hasarar iri da wahala. Baba ya tsani binne. Yakan ce gaggawa ce da rashin kunya, mutum ya shimfiɗa hannu tun ba a ce masa ungo ba. Tun tasowata ban taɓa ganin ya yi ba, ko a shekarar da fara ta cinye gonaki, da kowa ya ruɗe. Shi ya sa ban ko yi tunanin roƙonsa ba.

Ranar kwanana na takwas, bayan sallar asuba, na fara ɗaure ƴan kayana. Sai na ji an buɗe rumbu. Na leƙa, na ga Baba ya fito da damin iri, zangarniyoyin da ya zaɓa da hannunsa tun kaka, ya miƙa a sussuka. Da aka gama ya zuba a ƙwarya, ya ɗauko sungumi ya jingina a ƙofar ɗakina.

"Tashi mu tahi," in ji shi.

"Baba, ƙasa busassa ta."

"Na gani. Ina da ido."

A shuka, mai sungumi ke gaba, yana tafe yana sara rami a kowane taku, mai iri na biye yana jefawa yana rufewa da dunduniya. Sungumi na babba ne, iri na yara da mata. Ran nan ni ke gaba, tsohon da ya haife ni yana biye da ƙwarya. Ƙanena ya so ya karɓa masa, ya hana. Ƙasa na tashi fara kamar gari, ramin na rushewa tun kafin in ɗaga ƙafa. Na manta yadda ake sakin kafaɗa, ina sara kusa-kusa, layina na karkacewa. Abin da nake ji kawai shi ne faɗuwar sungumi, sai ɗan ƙaran iri, sai jan ƙafar Baba a bayana, da numfashinsa. Muka fara daga bayan jerin duwatsu muka gangaro, muka zaga gawo, rana na hawa, inuwarmu biyu na gajarcewa. Wani lokaci sai in ji kamar ba tafiya muke ba, gonar ce ke wucewa ta ƙarƙashinmu. Na so ranar nan kada ta ƙare, na kuma ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba, don na san saboda ni yake yin abin da ya raina duk rayuwarsa.

Muka gama da la'asar. Ya kife ƙwarya, ya buga gindinta, ya ce, "Ka shuka. Saura na Allah." Washegari na kama hanya.

Kwana uku da komawata aiki, aka yi yayyafi. Da safe na juye gwangwani, ruwan ko zane na uku bai kai ba. Na tsaya da kwalba a hannu ina roƙon Allah ya sa wannan abin bai kai duwatsu ba, ko in ya kai ya zama ya fi haka. Ran kasuwa na tare masu jakuna daga wajen Buza, suka ce ai ko'ina an sami ɗan yayyafin nan, ya jiƙa ƙasa kamar tsawon yatsa. Ba sai an yi mini bayani ba. Bayansa sama ta rufe bakinta kwana goma sha shida, kullum ina rubuta babu komai, babu komai, da hannun nan da ƙurajen sungumi ba su gama warkewa ba. Sannan ruwan gaske ya sauko, irin wanda ake jira, ya cika kwalba har sai da na juye sau biyu. Gari duk ya fita shuka. Ni na zubar da ruwan a ƙasa, na ji na tsani kwalbar, da littafin, da kyakkyawan rubutuna.

Na koma wurin ƙaramin kumandan na roƙi kwana huɗu. Ya buɗe hannuwa ya ce na cinye ranakuna, sai baɗi. Gaskiyarsa ce, haka takarda ta ce. Bayan sati wani ɗan garinmu ya zo da saƙo: binnen ya tsiro ya ƙone, ƙanena ya sake shuka gonar da ruwan nan, don ba a barin gyararriyar ƙasa ta kwana banza. Matarsa kuma ta sauka, namiji. Na aika da barka da turmin atamfa. Ban tambayi gonar wa ce yanzu ba, don hannun da ya riƙe sungumi sananne ne.

Damina ta wuce ina aikina kamar mai tafiya cikin barci. Da kaka, wata ranar kasuwa, ina kwafar takarda, gardin ƙofa ya leƙo ya ce wani tsoho na nemana, ya ƙi shigowa. Na fita na ga Baba tsaye da jaki, shi da bai taɓa taka Madawa ba. Ya rame, ƙura har gira. Na durƙusa a nan gaban gardi na gaishe shi. Ya ce kafin komai in nuna masa abin da nake leƙawa.

Na kai shi bayan biro. Ya zaga gwangwanin, ya ƙwanƙwasa shi da sanda, ya leƙa mazurari, ya sa yatsa ya shafo ƙura. Ya karɓi kwalbar ya ɗaga ta sama yadda na nuna masa, ya daɗe yana kallon gari ta cikinta. Sannan ya mayar mini, ya koma wurin jaki, ya kwanto wani ɗan dami, ƙarami, wanda yaro zai iya ɗauka da hannu ɗaya, ya ajiye a gabana.

"Gonar ta ƙanenka ta," in ji shi. "Shi yash shuka, ta yi, na ba shi. Kak ka riƙe shi a rai."

Na ce, "Ban riƙe ba, Baba."

"Amma can sama, bayan duwatsun kakanka, inda ruwa ka tsayawa, layi ukku ba su mutu ba. Yayyahin nan ya taru nan, ya riƙe su har babban ruwa yaz zo. Da ƙanenka yak kai wurin da sungumi, nic ce ya tsaya. Wanga hatsi nasu na. Wurin naka na, daga duwatsu zuwa inda sunka ƙare."

Na ce, "Ƙaƙa kunka gane nawa na, ba nashi ba?"

Ya yi ƴar dariya. "Takunka. Ƙanenka na da takun manomi. Kai ramunka kusa-kusa, a karkace, awa na mai tahiya cikin ɗaki. Ko cikin dubu na gane su."

Na tsuguna na taɓa damin. Zangarniyoyin sun cika, an yi musu noma a kan kari, an yi cira, an yi maimai, ba hatsin da aka bari ga Allah da ciyawa ba ne. Layi uku a gindin dutse, faɗinsu bai fi tabarma biyu ba, kuma na san ƙanena da babbar gona da jariri ba shi da wannan sukuni. Na tambaya wa ya nome mini.

Baba ya gyara igiyar jakinsa, bai dube ni ba.

"Ni," in ji shi. "Laraba da Juma'a. Tun ran da ubana yar rasu nir riƙa gandu, ban sake samun ranar gamana ba, shekara talatin da wani abu. Bana nic ce ma yara su ji da gandu kwana biyun nan, ni ma in ɗauki konje."

Ban sake samun hutun damina ba sai da na bar aiki. An canja ƙaramin kumandan, yaƙin da Nasara ke yi can ƙasarsu ya tsananta, takardar bayan ƙofa ma wata rana aka ciro ta. Amma kowace bazara nakan aika da iri daga hatsin damin nan, kuma damina biyar a jere, har wadda ya rasu a cikinta, Baba na hawa gindin dutse ranar Laraba da Juma'a da hauyarsa. Ƙanena ya gaya mini ko da yaushe Baba ke saran ramukan da kansa, kuma yakan gajarta taku, ya sa su kusa-kusa.